Gada a Birnin da Ba Shi da Kogi: Daga Dira Zuwa Kwarin Hanifa

Riyad ba ta da kogi. Duk wanda ya taɓa leƙawa ta tagar jirgi lokacin da ake shirin sauka a filin jirgin saman Sarki Khalid ya gani da idonsa: jan rairayi, tsandauri, sai tituna da suka miƙe ɗoɗar. Ruwan saman da ke zuba a birnin a shekara bai cika wuce milimita 100 ba, abin da Kano kan samu cikin mako biyu idan damina ta kankama a watan Agusta. Kaso mafi tsoka na ruwan da mutum kusan miliyan 7 ke sha a can, daga teku ake tace shi a gabar gabas, a turo shi ta bututu tafiyar sama da kilomita 400.

Amma a gefen wannan birnin ne, da zarar rana ta yi sanyi bayan La'asar, za ka ga mutane iyali-iyali suna tururuwa zuwa wata gada, su tsaya a tsakiyarta, su jingina da ƙarfen gefe, su ɗauki hoto, su yi ta kallon ƙasa. Yadda aka yi garin da ba shi da kogi ya samu gadar da ake zuwa kallo, alhali mu da Allah Ya hore wa koguna sai mun toshe hanci kafin mu haye wasu daga cikin namu, labari ne da ya kamata Bahaushe ya ji. Kuma daga Dira labarin ya taso.

Dira ita ce cibiyar tsohuwar Riyad. A farkon ƙarni na 20 duk garin bai wuce murabba'in kilomita 1 ba, kewaye da ganuwar ƙasa, kuma Dira ce tsakiyarsa. An rushe ganuwar a 1950 da gari ya fara tumbatsa, daga baya aka sake gina wani yanki nata da Ƙofar Sumairi don tunawa. Yau zuwa wurin ba wuya: jirgin ƙasan cikin gari da aka ƙaddamar a Disambar 2024 yana da tasha a nan, mai suna Ƙasrul Hukum, wadda aka buɗe a Fabrairun 2025. Kana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, taku kaɗan za ka yi ka ji ƙamshin turaren wuta na Kasuwar Zal, inda ake sayar da dardumomi, alkyabbu, takubba, tsofaffin butocin gahawa da itacen ud, inda kuma da yamma dillalai ke ɗaga murya suna gwanjon kayan da.

Kusa da kasuwar ga Masmak, katafaren ginin laka mai hasumiya huɗu wanda aka fara ginawa wajen 1865. Ka tsaya a ƙofarsa kafin ka shiga. Da itacen dabino da na tamariska aka yi ta, kuma a tsakiyarta akwai wata 'yar ƙaramar ƙofa wadda mutum ɗaya kawai ke iya ratsawa, shi ma sai ya sunkuya. A gefenta, cikin itacen, akwai wani guntun ƙarfe a kafe. Tsinin mashi ne. A wata safiya ta Janairun 1902, daidai da watan Shawwal na 1319, matashi Abdul'aziz ɗan Abdurrahman na gidan Sa'ud, wanda ya baro gudun hijira a Kuwait da 'yan tsirarun mutane, ya yi kwanton ɓauna yana jiran Ajlan, wakilin gidan Rashid da ke riƙe da garin, ya fito daga Masmak inda yake kwana saboda tsaro. Da ya fito aka far masa, ya ruga zai koma ta ƙaramar ƙofar, wani daga cikin mutanen Abdul'aziz ya wurga masa mashi ya kuskure, tsinin ya karye a jikin itace. A ranar aka kashe Ajlan, garin ya koma hannun gidan Sa'ud. Tun 1995 ginin ya zama gidan tarihi, kuma baƙo bai cika wuce ƙofar ba sai ya sunkuya ya duba guntun ƙarfen nan.

Gadar da tsoro ya gina

Abin da yawancin baƙi ke wucewa ba su lura da shi ba yana can gaba kaɗan, a dandalin da ke tsakanin Fadar Mulki da Babban Masallacin Imam Turki ɗan Abdullahi. Ɗaga kanka za ka ga wasu rufaffun gadoji guda biyu sun taso daga fadar sun shiga masallacin. Ba ruwa a ƙarƙashinsu, sai dandali da masu wucewa. Su ne gadojin Dira, kuma asalinsu ya girmi duk wata gadar mota da ke birnin.

A 1834, Imam Turki, wanda ya mai da Riyad hedikwatar mulkinsa shekara goma kafin nan, yana fitowa daga sallar Juma'a aka kashe shi, bisa makircin wani ɗan'uwansa mai suna Mishari. Kafin shi, a 1803, an soke Imam Abdul'aziz ɗan Muhammad yana cikin salla a masallacin Dir'iyya. Ɗan Turki, Imam Faisal, ya dawo daga yaƙi a gabas ya karɓe mulki, kuma a zamaninsa akwai wani rufaffen soro a kan ginshiƙai wanda ya haɗa fada da masallaci, ta yadda sarki zai je jam'i ba tare da ya ratsa taro ba. Baturen Ingila William Palgrave, wanda ya shigo Riyad a 1862, ya ga wannan soro, ya kuma danganta shi da fargabar abin da ya samu magabatan Faisal. Da aka zo sake gina masallaci da fadar a ƙarshen shekarun 1980, magini Rasem Badran bai yar da tsohon tsarin ba, ya maido da gadojin da dutsen yankin mai launin ƙasa. Masallacin na ɗaukar masallata wajen 17,000, kuma aikin ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1995.

Ina ganin duk wanda ya tsaya a ƙarƙashin gadojin nan ya san dalilin gina su, zai fahimci Najdu, yankin da Riyad take, ta ƙarni na 19 fiye da wanda ya karanta jerin sunayen sarakunanta. Ƙasa ce da mai mulki ba ya iya taka 'yan taku zuwa masallaci da kwanciyar hankali. Dandalin kansa ya daɗe yana da nauyi a zukatan mutanen garin, domin shekaru da dama a nan ake zartar da hukuncin kisa a bainar jama'a. Yau yara ke guje-guje a cikinsa bayan Isha'i.

To amma Dira ta taɓa samun mashigin ruwa. Gabas da tsohuwar ganuwa akwai wani kwari da ake kira Baɗha, wanda idan an yi ruwa yakan cika ya yi toroƙo, kuma a bakinsa ne tsohon garin Hajar, babban birnin Yamama, ya rayu tun kafin Musulunci. Da gari ya bunƙasa sai kwarin ya koma magudanar ƙazanta, aka gaji da shi aka rufe da kankare, aka shimfiɗa titi a kai. Yau Baɗha sunan titi ne da unguwar kasuwanci inda 'yan ci-rani daga Bangaladash, Indiya, Yaman, Filifin da ƙasashen Afirka ke cika maƙil ranar Juma'a, suna aika kuɗi gida, suna sayen waya da akwatuna. Da yawa daga cikin masu tafiya a kai ba su san a kan kwari suke takawa ba.

Kwarin da aka ceto

Wanda ya tsira shi ne babban kwarin da ke yamma, Wadi Hanifa, mai tsawon kusan kilomita 120, wanda ya ratso daga arewa maso yamma ya bi ta gefen birnin ya yi kudu. Kafin ka je, ka gyara bakinka da direban tasi: Dira daban, Dir'iyya daban. Tsakaninsu tafiyar kusan kilomita 20 ce, kuma gadar da ake zuwa kallo a Dir'iyya take, a kan wannan kwarin.

Ɗalibin Sira ya san wannan kwari ko da bai taɓa ganinsa ba. Sunan ƙabilar Banu Hanifa ya ci. Daga cikinsu Sahabi Sumama ɗan Usal ya fito, wanda da ya musulunta ya hana a kai wa Ƙuraishawa alkamar Yamama har sai da Manzon Allah (SAW) ya sa baki, abin da ke nuna maka irin albarkar noman da ke kwarin a lokacin. Daga cikinsu kuma Musailamatul Kazzab ya fito. A arewacin kwarin, wajen Aƙraba, rundunar Khalid ɗan Walid ta gwabza da shi a yaƙin Yamama, inda Zaidu ɗan Khaɗɗabi, yayan Sayyidina Umar, ya yi shahada tare da mahaddata masu yawa. Wannan rashi ne ya sa Umar ya ba Sayyidina Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani wuri guda, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin. Duk almajirin da ke riƙe da allo a Zariya ko Maraɗi yana da alaƙa da abin da ya faru a wannan kwari.

Gadar Dir'iyya kanta ba tsohuwa ba ce, kada a yaudare ka. An gina ta ne a aikin raya tsohuwar Dir'iyya na wannan ƙarnin, aka sa mata sunan Shaihu Muhammad ɗan Abdulwahhab. Tsawonta mita 75 ne, kuma ba miƙaƙƙiya ba ce, lanƙwasa ta yi. Wannan lanƙwasa ita ce gwanintar aikin. Kana tasowa daga unguwar Bujairi, gaban Ɗuraif, tsohuwar unguwar masu mulki, ba ya bayyana maka gaba ɗaya. Kana tafiya gadar na juya ka a hankali, har ka tsinci kanka fuska da fuska da bangon Fadar Salwa, dogo, launin ƙasa, da 'yan tagoginsa masu kusurwa uku a jere, wani ɓangaren a tsaye, wani a zube tun shekara ɗari biyu. Idan rana ta kusa faɗuwa bangon yakan yi ja. Da Magariba ta wuce a kunna fitilu daga gindinsa. A ƙasa kuwa ba kogi mai gudu za ka gani ba, sai in an yi ruwan sama: kwari ne shimfiɗe da dabino, da hanyoyin tafiya a ƙafa, da ciyayi.

Tarihin yana gefe biyu na gadar. An kafa Dir'iyya a 1446. A 1727 Muhammad ɗan Sa'ud ya hau mulkinta, shekarar da Saudiyya ke lissafawa a matsayin kafuwar daularta ta farko. A 1744 ya ƙulla alkawari da Shaihu Muhammad ɗan Abdulwahhab. Shaihun da almajiransa suka zauna a Bujairi, masu mulki suka zauna a kan tudun Ɗuraif, kwari a tsakani, kuma a cikin kwarin kasuwar garin ke ci. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Dir'iyya na kan ganiyarta, ikonta na neman mamaye Hijaz. Shekara goma sha huɗu bayan haka, a 1818, Ibrahim Basha ɗan Muhammad Ali na Masar ya zo da igwa bisa umarnin Daular Usmaniyya, ya yi wa garin ƙawanya wajen wata shida. Imam Abdullahi ɗan Sa'ud ya miƙa wuya a watan Satumba, aka tafi da shi Istanbul aka kashe. Aka rushe garin, aka sare dabinai. Abin da ya sa Imam Turki bai mai da Dir'iyya hedikwatarsa ba ke nan, ya zaɓi Riyad. Da ba a rushe Dir'iyya ba, da Dira ba ta zama fadar mulki ba.

Bahaushen da ya haye gadar ya shiga lungunan Ɗuraif ba zai ji baƙunta sosai ba. Ginin laka ne da aka cakuɗa da ciyawa, a kan tushen dutse, da indararo masu zubar da ruwa waje. Inda maginanmu ke sa azara ta giginya, su itacen tamariska suke sawa. Bambancin shi ne a can an ɗauki ginin ƙasa a matsayin dukiya, an kashe masa kuɗi, har UNESCO ta sa Ɗuraif cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2010, aka kuma buɗe wa jama'a a ƙarshen 2022.

Sai dai a ganina babban aikin ba a kan tudu yake ba, a cikin kwarin yake. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin mai ya sa Riyad ta faɗaɗa ba ƙaƙƙautawa, Wadi Hanifa ya zama juji. Ana haƙar yashi da tsakuwa a cikinsa, ana jibge ɓaraguzan gini, ana sako masa ruwan masai da na masana'antu, har da na majema. Hanyar da aka bi da Baɗha tana nan a buɗe: a rufe a huta. Hukumar Raya Birnin Riyad ba ta bi ta ba. Daga 2001 ta haɗa gwiwa da kamfanin Moriyama & Teshima na Kanada da Buro Happold na Ingila, aka kwashe sharar, aka dakatar da haƙa, aka gyara hanyar ruwan da duwatsu, aka dasa itatuwan da suka saba da yankin, aka yi wuraren zama na iyali.

Sai kuma maganar ruwa. Birni mai miliyoyin mutane yana zubar da ruwa mai yawa, kuma wannan ruwan, da wanda ke tsatsowa daga ƙarƙashin ƙasa, kwarin yake gangarowa, ta yadda ɓangaren kudu ke gudu rani da damina. Maimakon a dogara da inji da sinadari kaɗai, sai aka gina jerin ƙananan tafkuna sama da ɗari da aka shimfiɗa wa duwatsu, ana hura musu iska. Gansakuka da ƙananan halittu na kama jikin duwatsun suna cinye dattin, kifi na cin su, tsuntsaye na cin kifin. Ruwan da ke fitowa ba na sha ba ne, ba kuma na wanka ba, amma ba ya wari, kuma manoma a kudancin birnin na amfana da shi. Wannan aikin ma ya ci lambar Aga Khan a 2010.

Akwai wata gada da mutanen Riyad ke alfahari da ita, ta Wadi Laban, mai tsawon mita 763, wadda igiyoyin ƙarfe ke riƙe da ita, an gina ta a shekarun 1990. Ta motoci ce, daga nesa ake kallonta, kuma ta fi kyau da dare.

Ba komai ne ya kwanta mini ba a Dir'iyya. Bujairi ta yau cike take da gidajen abinci masu tsadar gaske, kuma lebura ɗan ci-rani da ya ɗora tubalin wurin da wuya ya iya zama ya ci abinci a cikinsa. Wannan abin dubawa ne, kuma gaskiya ce a faɗe ta. Amma kwarin kansa na kowa ne. Ka gangara wuraren shaƙatawar da ke tsawonsa da daren Alhamis ko yammacin Juma'a a lokacin sanyi, za ka ga Balarabe da Basudane da Bafakistane kowa ya shimfiɗa dardumarsa, an ɗora shayi, ana gasa nama, tsofaffi sun kishingiɗa, yara na wasa da tsakuwa. Ba a tambayar kowa ko nawa ne a aljihunsa. Tun 2022 mai bizar Umra na da damar zagaya sauran biranen ƙasar, saboda haka wanda ya samu hali, tsakanin Nuwamba da Maris ne lokacin zuwa. A duba ƙa'idar shiga Ɗuraif ta intanet kafin a taso, domin takan sauya. Da bazara zafin kan haura digiri 43, ba mai tsayawa a kan gada.

Namu fa?

Bakano da ya ji labarin Baɗha ya san inda zancen ya dosa. Jakara ce ta raba tsohon birnin Kano, a bakinta Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, kuma Clapperton da ya zo a 1824 ya tarar da kasuwar na ci a gefen fadamarta. Mun bar ta ta zama kwata. Ruwan gidaje, jinin mayanka da dattin masana'antun Bompai da ke biyowa ta rafin Getsi duk a cikinta suke haɗuwa, su gangara madatsar Wasai, a hanya kuma masu lambu na ban-ruwan latas da kabeji da su, mu saya mu ci. A zangon mulkin Kwankwaso na biyu aka fara rufe ta da titin da ake kira Wuju-Wuju. Wanda ke zaune a bakin Jakara, yana fama da sauro da ambaliya kowace damina, ba za ka ga laifinsa ba idan ya yi murna da rufin. Sai dai rufi ba ya tsarkake ruwa. Dattin na nan yana tafiya a ƙarƙashin kwalta, yana isa ga mutanen Minjibir yadda ya saba.

Gadojin tarihi kuwa muna da su, har waɗanda suka girmi ta Dir'iyya nesa ba kusa ba. A Kaduna, cikin lambun Janar Hassan Usman Katsina da aka fi sani da Gamji, akwai 'yar gadar ƙarfe ta Lugga, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 lokacin tana hedikwatar Arewa, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna, aka ayyana ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Mutum nawa ne a Kaduna suka taɓa kai 'ya'yansu su gan ta? A Yamai, gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 tana kan kogin Kwara, kuma kallon faɗuwar rana a kanta, da jiragen masunta na ratsawa a ƙasa, ba abin da Riyad za ta iya saya ba ne ko da nawa. Ga Wudil, ga Tamburawa, ga Kubanni a Zariya. Ruwan na nan, gadojin na nan. Abin da babu shi ne wurin da mutum zai tsaya lafiya ba mota ta bi ta kansa ba, da bakin ruwan da za a iya shimfiɗa tabarma.

Za a ce Saudiyya na da kuɗin da ba mu da shi, kuma haka ne. Amma matakin farko da aka ɗauka a Wadi Hanifa ba na kuɗi ba ne: hana zuba shara aka yi, aka hana haƙar yashi, aka tashi masu sako guba. Duwatsu, gansakuka da kifin da suka yi sauran aikin duk muna da su. Kira na ga gwamnatin Kano da hukumar NESREA, wadda aka kafa tun 2007 don irin wannan aiki, shi ne su tilasta wa masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa su tace ruwansu kafin su sake shi, sannan a bar ɓangaren Jakara da ya fita bayan gari a buɗe, a tsarkake shi. Gwamnatin Kaduna kuma ta sa gadar Lugga cikin wuraren da ake kai 'yan firamare ziyara kowace shekara.